Shin Ya Dace Ƙasa Ta Ba 'Yan Tawayen Wata Ƙasa Makamai?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Duk lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a wata ƙasa, gwamnati ta shiga luguden wuta a kan garuruwan da suka bijire mata, sai mu ji ana kira ga manyan ƙasashe su ba 'yan tawaye makamai domin su kare kansu, wasu kuma suna cewa yin hakan rura wutar rikici ne kawai. Ni na rasa ɓangaren da zan tsaya, domin zuciyata ba ta yarda a zura ido ana kashe marasa ƙarfi ba, amma kuma na ga yadda Libiya da Siriya suka koma. Shin ya dace wata ƙasa ta ba 'yan tawayen wata ƙasa makamai? Me dokokin ƙasa da ƙasa suka ce, kuma me ya faru a wuraren da aka gwada?

Amsa:

Wa'alaikumus salam. Malam, ruɗanin nan ba kai kaɗai ya kama ba, domin shugabannin ƙasashe da hafsoshin soja da masana shari'a sun daɗe suna kai kawo a kan wannan tambaya. Zan faɗa maka matsayina tun da farko, sannan in bi da kai ta hanyar da ta kai ni gare shi. A mafi yawan lokuta bai dace ba, kuma dalilin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne, ƙasar da ta ba da makami ikonta a kansa yana ƙarewa ne ranar da ta miƙa shi. Daga wannan rana, wanda zai riƙe shi, da wanda za a harba da shi, da shekarun da zai yi yana yawo daga hannu zuwa hannu, duk sun fi ƙarfinta. Akwai wuraren da aka yi haka aka dace, kuma zan kawo su, sai dai sharuɗɗan da suka sa aka dace ba kasafai suke haɗuwa wuri ɗaya ba.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma sai an raba su maganar take fita. Idan wata ƙasa ta mamaye wata, gwamnatin da aka mamaye ta nemi ƙawayenta su taimaka mata da makamai, kamar yadda Yukren take yi tun 2022, wannan yana ƙarƙashin haƙƙin kare kai da sashe na 51 na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar. Tambayarka kuwa ta shafi ƙungiyar da ta ɗauki makami a kan gwamnatin ƙasarta, kuma a nan dokar ba ta yi wata ƙumbiya-ƙumbiya ba. Kundin ya hana kowace ƙasa amfani da ƙarfi a kan 'yancin wata, sannan a 1970 Babban Zauren Majalisar ya zartar da ƙuduri mai lamba 2625, wanda ya fayyace cewa bai halatta ƙasa ta shirya, ko ta ɗauki nauyi, ko ta taimaka wa masu ɗauke da makamai da nufin kifar da gwamnatin wata ƙasa ba.

Shari'ar da masana suke komawa gare ta a wannan babi ita ce ta Nikaraguwa da Amurka. A shekarun 1980 gwamnatin Ronald Reagan ta horar da mayaƙan da ake kira Kontara, ta ba su makamai da kuɗi domin su yaƙi gwamnatin Sandinista ta Nikaraguwa, har aka dasa nakiyoyi a tasoshin jiragen ruwan ƙasar. Nikaraguwa ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg, kuma a watan Yuni na 1986 kotun ta yanke hukunci cewa Amurka ta karya doka. Abin da ya fi jan hankalina a hukuncin shi ne hujjar da alƙalan suka kafa. Doka ta riga ta yarda gwamnati ta gayyaci taimako daga waje, to idan aka ce 'yan adawa su ma suna da ikon gayyata, babu abin da zai saura na ƙa'idar hana katsalandan, domin kowace ƙasa za ta iya kutsawa cikin rikicin kowace ƙasa a duk lokacin da ta ga dama, ta ce ai kiranta aka yi. Amurka ta ƙaurace wa zaman kotun, ta kuma hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu lokacin da aka nemi ta bi hukuncin.

Za ka iya cewa, to ina amfanin dokar da mai ƙarfi yake takawa ya wuce? Maganar tana kan hanya, amma waɗanda ba su kai Amurka ƙarfi ba sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2005 Kotun Duniya ta sami Yuganda da laifin mamaye wani yanki na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da tallafa wa 'yan tawaye a can, kuma a 2022 ta umarce ta ta biya diyyar dala miliyan 325. Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, yana zaman gidan yari na shekara 50 a Birtaniya, bayan kotun musamman ta Saliyo ta same shi a 2012 da laifin taimaka wa 'yan tawayen RUF, waɗanda suka yi suna wajen guntule hannayen fararen hula. Shi Taylor bai riƙe adda ya sare hannun kowa a Saliyo ba, makamai ya tura yana sane da abin da ake yi da su, kuma wannan ya isa a ɗaure shi.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, dokar ta bar giɓi a daidai wurin da zuciyarka take yi maka zafi. A 2005 shugabannin duniya sun amince cewa kowace gwamnati tana da alhakin kare al'ummarta daga kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi, idan kuma ta gaza, sauran ƙasashe suna iya ɗaukar mataki, amma ta hannun Kwamitin Sulhu. Kwamitin kuwa yana da ƙasashe biyar waɗanda kowacce ita kaɗai za ta iya toshe ƙuduri, kuma gwamnatin da take da ubangida a cikin biyar ɗin nan ta san babu abin da zai same ta. Rasha da Sin sun fara toshe ƙudurori a kan Siriya tun watan Oktoba na 2011. A Ruwanda a 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari, Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage dakarunta ana tsakiyar kisan, kuma waɗanda suka tsayar da shi su ne 'yan tawayen Ruwanda na ƙungiyar RPF, waɗanda asalin tafiyarsu daga Yuganda ta taso. Saboda haka ba na yi wa masu kiran a ba da makamai kallon masu son zubar da jini. Inda na rabu da su shi ne zaton da suke yi cewa makamin zai tsaya a kan aikin da aka aike shi.

Mu ɗauki Afganistan, tunda da ita ake kafa misali idan ana maganar nasara. Bayan dakarun Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasar a watan Disamba na 1979, hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta shiga tura wa mujahidai makamai, Saudiyya kuma tana zuba kuɗi daidai da abin da Amurka ta zuba, har abin ya kai ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara. Amma dubi hanyar da kayan suke bi. Jirgin ruwa zai sauke akwatuna a Karachi, hukumar leƙen asirin Pakistan, ISI, ta karɓa ta kai rumbunanta, daga nan a yi gaba da su zuwa Peshawar da Kweta, a raba wa jam'iyyun mujahidai guda bakwai, su kuma su raba wa kwamandojinsu, a labta wa alfadarai a tsallaka duwatsu da su. Sharaɗin da Pakistan ta gindaya tun farko shi ne rabon a hannunta zai kasance. A kowane zango akwai mai yanke shawarar wa za a ba, wa za a hana, akwai kuma mai ɗiba ya kai kasuwa. Pakistan ta fifita waɗanda suka dace da muradinta, shi ya sa kaso mafi tsoka ya tafi wajen Gulbuddin Hekmatyar, shugaban ɗaya daga cikin jam'iyyun. Mai biyan kuɗin yana Washinton, mai zaɓen wanda zai ci moriyar yana Rawalpindi, cibiyar sojojin Pakistan, kuma abin da kowannensu yake nema daban.

A 1986 aka ƙara wa mujahidai da Stinger, makami mai linzami da mutum ɗaya yake saɓawa a kafaɗa, wanda yake bin zafin injin jirgi har ya cim masa. A watan Satumba na wannan shekara aka fara kakkaɓo jirage masu saukar ungulu da shi kusa da filin jirgin saman Jalalabad, matuƙan Sobiyet suka koma tashi can sama inda saitinsu ba ya yin kyau. Sobiyet ta kammala janye dakarunta a watan Fabrairu na 1989, kuma zuwa nan, wanda ya ce an yi nasara bai yi ƙarya ba. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Da gwamnatin Najibullah, wadda Sobiyet ta bari a kan mulki, ta faɗi a 1992, sai jam'iyyun nan suka juya wa juna bindigogin da aka ba su, Hekmatyar ya yi ta ruwan rokoki a kan Kabul har unguwanni suka zama kufai, kuma gajiyar da jama'a suka yi da zaluncin kwamandoji tana cikin abin da ya share wa Taliban hanya har ta kama birnin a 1996. CIA ta koma tana sayen Stinger ɗin da ta bayar kyauta, da tsadar da ta zarce farashin masana'anta, don tsoron kada a harbo jirgin fasinja da su, kuma ba ta tattaro su duka ba. Hekmatyar da wani kwamandan mujahidai, Jalaluddin Haqqani, waɗanda suke sahun gaba a cin moriyar shirin, suna cikin manyan waɗanda suka yaƙi sojojin Amurka bayan 2001.

Masu tsara manufofi sukan ce ai yanzu an waye, za a riƙa tantance waɗanda za a ba. Siriya ce ta gwada wannan magana. A 2014 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 500 domin ma'aikatar tsaro ta tantance, ta horar, ta kuma ba 'yan tawaye masu sassaucin ra'ayi makamai su yaƙi ƙungiyar IS, da burin samar da kimanin mayaƙa 5,000 a shekara. Rukunin farko, mutum hamsin da 'yan kai, sun shiga Siriya a watan Yuli na 2015, ƙungiyar Nusra mai alaƙa da Alƙa'ida ta far musu, ta kama wasu, sauran suka watse. A watan Satumba Janar Lloyd Austin, kwamandan sojojin Amurka a yankin, ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa, aka tambaye shi mayaƙa nawa ne daga cikin waɗanda aka horar suke fagen daga, ya ce huɗu ko biyar. A cikin watan nan kuma rukuni na biyu ya miƙa wa Nusra motoci da albarusai domin a bar shi ya wuce. Ba sai an ce kwamandan da ya yi haka maci amana ne ba. Tantancewar da aka yi masa a sansanin horo ta nuna ko shi wane ne a ranar da aka yi ta, ba ta hango masa ranar da zai tsaya a shingen bincike da mutum saba'in, gabansa ƙungiya mai dubban mayaƙa, ya zaɓi ko ya ba da motoci ko ya ba da rayukan yaransa. Haka kuma mayaƙa sukan sauya sheƙa zuwa inda ake biyan albashi da inda ake cin yaƙi, kuma kowa da bindigarsa yake tafiya. Bindiga ƙirar Kalashnikov tana yin shekara arba'in tana harbi, ƙawancen siyasa kuwa wani lokaci ko shekara biyu ba ya kaiwa.

Abu na gaba da masu wannan shawara suke mantawa shi ne, gwamnatin da ake yaƙa ita ma tana da ƙawaye. Ban da shirin ma'aikatar tsaro, CIA tana da nata shirin na ɓoye tun 2013, tare da Saudiyya da Ƙatar da Turkiyya da Jodan, wanda ta cikinsa wasu ƙungiyoyi suka sami makamai masu linzami na fasa tankokin yaƙi. Makaman sun yi aiki. A farkon 2015 'yan tawaye suka kama birnin Idlib da Jisrus Shugur, gwamnatin Bashar al-Assad ta fara tangal-tangal. Sakamakon haka shi ne, a ranar 30 ga Satumba, 2015, jiragen yaƙin Rasha suka shiga yaƙin, ga kuma dakarun Iran da mayaƙan Hizbullah a ƙasa, kuma zuwa Disamba na 2016 gabashin birnin Halab (Aleppo) ya koma hannun gwamnati bayan an ragargaza shi. A lokacin Rasha tana da sansanin sojan ruwa a birnin Tartus na Siriya, Iran kuma ta Siriya take isa ga Hizbullah, saboda haka a wurinsu faɗuwar Assad asara ce da ba za su lamunta ba, alhali a wurin Amurka Siriya ɗaya ce daga cikin matsaloli masu yawa. A irin wannan ja-in-ja, wanda abin ya fi dama shi ne yake ƙara zubi, kuma duk ƙarin da aka yi a kan fararen hula yake sauka. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa fararen hula fiye da 300,000 aka kashe a shekaru goman farko na yaƙin.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da nake ganin ya fi komai muni, wato taimakon da ya isa a ci gaba da yaƙi amma bai isa a ci yaƙin ba. 'Yan siyasa suna son irinsa, domin yana da araha, ba ya dawo musu da gawawwakin sojojinsu gida, kuma idan ta ɓaci suna iya cewa ba ruwansu. Yana ba shugaba damar ce wa masu matsa masa lamba ai ana yin wani abu. Amma a fagen daga, ɗan tawayen da yake jiran sabon kaya wata mai zuwa ba shi da dalilin zama teburin sulhu yau, gwamnati kuma ta sami hujjar da take nema ta cewa 'yan koren ƙasashen waje take yaƙa. A 2014 jaridar New York Times ta ba da labarin wani nazari da CIA ta yi a kan tarihin ayyukanta, wanda ya gano cewa ba 'yan tawaye makamai a ɓoye ba kasafai yake kai ga nasara ba, musamman idan babu jami'an ƙasar da ta bayar a tare da su a ƙasa. An rufe shirin CIA na Siriya a 2017. Da Assad ya faɗi a ranar 8 ga Disamba, 2024, lokacin da Rasha ta shagala da Yukren, Hizbullah kuma ta galabaita, ƙungiyar da ta jagoranci shiga Dimashƙa ita ce Hay'at Tahrir al-Sham, wadda ta samo asali daga Nusra ɗin nan da ta ƙwace motocin, kuma a ranar Amurka tana da tayin ladan dala miliyan 10 a kan shugabanta.

Libiya da ka ambata labarinta ya ɗan bambanta, kuma adalci ya sa in faɗi haka. Faransa ta amince cewa ta jefa wa 'yan tawaye makamai ta sama a tsaunukan Nafusa a watan Yuni na 2011, Ƙatar ma ta tura nata, duk da takunkumin makamai da Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba wa ƙasar. Amma jiragen NATO ne suka karya lagon Gaddafi, kuma mafi yawan makaman da suka bazu daga baya daga rumbunansa aka wawashe su, suka tsallaka hamada suka taimaka wa tawayen da ya ɓarke a arewacin Mali a watan Janairu na 2012. Ɓarnar da masu ba da makamai suka yi ita ce, kowace ƙasa ta zaɓi nata mutanen, Ƙatar da nata, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da nata, ta yadda ranar da aka gama da Gaddafi babu wata runduna ɗaya da za a ce ita ce ta ƙasa, sai ɗaruruwan ƙungiyoyi da babu wadda ta yarda ta ajiye bindiga kafin maƙwabciyarta. Zuwa 2014 ƙasar ta rabu gida biyu.

Wani lokaci kuma ƙaiƙayi kan koma kan masheƙiya. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Indira Gandhi ta horar da ƙungiyoyin 'yan tawayen Tamil na Siri Lanka a cikin Indiya, har da ƙungiyar LTTE mai neman ɓalle wa Tamil ƙasarsu. A 1987 ɗanta Rajiv Gandhi ya tura dakarun kiyaye zaman lafiya tsibirin, LTTE ta ƙi ajiye makamai, sojojin Indiya suka wayi gari suna yaƙar waɗanda ƙasarsu ta horar, suka rasa mutum fiye da 1,000 kafin su janye a 1990. Shugaban Siri Lanka na lokacin, Ranasinghe Premadasa, don ya gaggauta korar Indiyawa, shi ma ya ba LTTE makamai a ɓoye. LTTE ta kashe Rajiv Gandhi da harin ƙunar baƙin wake a 1991, ta kashe Premadasa da irin wannan hari a 1993. A Angola, madugun 'yan tawaye Jonas Savimbi, da Amurka da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka ɗaure wa gindi, ya ƙi amincewa da zaɓen 1992, kuma da iyayen gidan nasa suka ce ya isa haka, ya riga ya mallaki ramukan lu'ulu'u da suke biya masa kuɗin makamai, bai saurare su ba. Yaƙin bai tsaya ba sai da aka kashe shi a watan Fabrairu na 2002.

Akwai kuma haƙƙin su 'yan tawayen, wanda ba a cika waiwaya ba. Daga 1972 Sarkin Iran da gwamnatin Amurka suka riƙa ba Kurdawan Iraƙi, ƙarƙashin Mustafa Barzani, makamai da kuɗi. A watan Maris na 1975 Sarkin ya sasanta da Saddam Husaini a birnin Aljiyas a kan rikicin iyakar Shaɗɗul Arab, aka yanke taimakon nan take, tawayen ya rushe cikin 'yan makonni, dubban iyalai suka tsere zuwa Iran. Binciken da wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya yi daga baya ya nuna cewa masu ba da taimakon ba su taɓa nufin Kurdawa su yi nasara ba, so suke kawai su riƙa wahalar da Iraƙi. Mutanen da suka fito yaƙi bisa alƙawari ba su san da haka ba.

To ina aka dace? Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Bangaladesh a 1971. Jam'iyyar Awami ta ci zaɓen Pakistan na 1970 da rinjaye, sojoji suka hana ta mulki, suka far wa gabashin ƙasar, wato Bangaladesh ta yau, da kisa a watan Maris na 1971, kimanin mutum miliyan 10 suka yi gudun hijira zuwa Indiya. Indiya ta horar da mayaƙan neman 'yancin yankin, Mukti Bahini, ta ba su makamai, amma ba ta tsaya a nan ba, a watan Disamba ta shiga yaƙin da rundunarta, cikin kwana 13 sojojin Pakistan suka miƙa wuya, kuma cikin 'yan watanni ta kwashe dakarunta ta bar ƙasar a hannun shugabannin da jama'a suka riga suka zaɓa. A Gine Bisau, jam'iyyar PAIGC da Amilcar Cabral ya gina ta shafe shekaru tana tafiyar da makarantu da asibitoci a yankunan da ta ƙwace daga hannun Fotugal, kuma da Tarayyar Sobiyet ta ba ta makaman kakkaɓo jirage a 1973, sai Fotugal ta rasa rinjayen da take da shi a sama, shekara guda bayan haka sojojin Fotugal da suka gaji da yaƙin suka kifar da gwamnatinsu a Lisbon. Ka lura cewa yaƙin ƙwatar 'yanci daga mulkin mallaka yana da matsayi na daban, domin Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da halaccinsa, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kuma ta kafa kwamiti na musamman a Darussalam tun 1963 domin tallafa masa. A waɗannan wurare biyu akwai shugabanci guda ɗaya da mayaƙa suke yi wa biyayya, akwai goyon bayan jama'a da aka gani a fili tun kafin makami ya iso, akwai tsarin da zai karɓi mulki ranar da aka gama, kuma abokin gaba yana da wata ƙasa da zai koma idan ya sha kashi. A yaƙin basasa tsakanin 'yan ƙasa ɗaya, inda wanda aka ci ba shi da wurin zuwa, kowa yakan yi faɗa har ƙarfinsa ya ƙare.

Saboda haka idan ka ji ana kiran a ba wasu 'yan tawaye makamai, kada ka tsaya a kan ko gwamnatin da suke yaƙa azzaluma ce, domin sau da yawa amsar ita ce e, kuma wannan bai warware komai ba. Ka tambaya ta hannun wa kayan za su bi, wane ne yake tsaye a bayan gwamnatin kuma iya ina zai iya zuwa, su waye za su yi mulki idan an yi nasara, wa zai karɓe bindigogin daga hannun mayaƙa, kuma shin mai bayarwar ya shirya ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya na shekara goma, ko kuwa zaɓe mai zuwa zai canza masa ra'ayi. A mafi yawan rikice-rikicen da na nazarta, masu shawarar sun amsa tambaya ɗaya ko biyu, sun bar sauran sai an je can.

Ƙin ba da makamai kuwa ba ya nufin naɗe hannu. Kotun Duniya ta faɗa a hukuncin Nikaraguwa cewa agajin jin ƙai na tsakani da Allah, irin abinci da magani da matsuguni da ake bayarwa ba tare da nuna bambanci ba, ba katsalandan ba ne. Ƙasa tana iya buɗe iyakarta ga masu gudun hijira, ta hana sayar wa azzalumar gwamnati makamai da man jiragen yaƙi, ta riƙe dukiyar jami'anta, ta tattara shaidun da za a gurfanar da su da su. Takunkumin makamai ma sai an yi hattara da shi, domin wanda aka sa wa tsohuwar Yugosilabiya baki ɗaya a 1991 ya bar Sabiyawa da rumbunan tsohuwar rundunar ƙasa, ya bar gwamnatin Bosniya hannu rabbana. Matakin da ya fi tasiri, kuma ya fi wuya, shi ne a shawo kan iyayen gidan ɓangarorin biyu su janye hannu tare. Chadi da Sudan sun shafe shekaru kowacce tana ɗaure wa 'yan tawayen ɗayar gindi, har a watan Fabrairu na 2008 'yan tawayen Chadi suka kai bakin fadar Idriss Deby a Njamena, bayan wata uku kuma mayaƙan ƙungiyar 'yan tawaye ta JEM na yankin Darfur a Sudan suka tsallaka hamada suka kai hari Omdurman, daura da Khartum. A watan Janairu na 2010 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniya, suka kafa rundunar haɗin gwiwa a kan iyaka, kowacce ta juya wa baƙin da take ɓoyewa baya. A watan Mayu na wannan shekara jirgin da ya ɗauko shugaban JEM, Khalil Ibrahim, ya sauka a filin jirgin saman Njamena, inda a da ake yi masa maraba, hukumomin Chadi suka hana shi shiga ƙasar, dole ya tafi Libiya.